Takardu Bakwai da Na Rubuta da Kunne

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ba a je Hajji ba, ko da yake akwai ranakun da nakan so in manta. Shekarar korona ke nan, wadda aka rufe masallatai muka shiga azumi kowa yana tarawihi a tsakar gidansa, aka rufe iyakoki, aka ce ko musabaha a dakata. A shekarar ce ni ma na yi niyya. Na je Damagaram na yi fasfo, na sa an ɗinka mini jaka, har na yi sallama da wasu dangi tun kafin lokaci (Allah ya yafe mini gaggawa). Sai ga sanarwa a rediyo cewa bana babu mai zuwa daga wata ƙasa.

Garinmu yana ƙasar Falanko. Ni malamin zaure ne, magidanta ke ɗaukar karatu a wurina bayan asuba, da rana kuma in rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. An san hannuna a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Idan takarda ta isa wani gari aka ga irin rubutuna, ba a tambayar ko gaskiya ce. Wannan shi ne duk abin da na tara a duniya, kuma shi na kusa zubarwa saboda balo, wato ƙwallon ƙafa.

Ga yadda abin yake. Zaurena katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan kallon Sanusi, wani magidanci mai fara'a da ya kafa tele da pano mai ba ta wuta daga hasken rana a tsohon shagon mahaifinsa. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka ban taɓa sa ƙafata a ciki ba. Ina malami, me zai kai ni zama a benci ɗaya da samari ana ihu? Da farko ma haushi nake ji, ina tsakiyar rubutu sai hayaniya ta tashi, alƙalami ya zame, tawada ta ɓata layi. Sau biyu na yi wa Sanusi magana. Daga baya, ban san ranar da abin ya juya ba, sai na tsinci kaina ina matsar da buzuna jikin katanga duk ranar Asabar bayan azahar.

Wanda bai saurara ba zai zaci hayaniyar ɗaya ce, alhali biyu ce. Akwai ihun samarinmu, akwai kuma wani a ƙarƙashinsa, wanda ke fitowa daga cikin tele, muryar dubban mutanen da ke filin can ƙasar Turawa, kamar ƙugin ruwa idan ƙorama ta kawo. Wannan na biyun na haddace. Idan ya fara hawa a hankali, an nufi raga. Idan ya faɗi tim kamar an sauke buhu, an ɓarar. Idan fito ya yi yawa, arbit, alƙalin wasa, ne ya yi abin da ba su so. Har ekip, wato ƙungiya, na zaɓa, wadda samari ke kira masu ja, ban taɓa ganin rigar tasu ba, na dai ji ana yawan zaginsu ne tausayi ya kama ni.

Ra'ayoyi kuwa na tara su fal, ba wanda zan gaya wa. Ina jin gardamarsu bayan wasa. Sanusi kullum cewa yake balo ta mutu tun ranar da kuɗi suka shige ta, ɗan wasa ya sumbaci riga yau, baɗi ka gan shi a ta abokan gaba. Wani tsohon soja da ake kira Kaporal, mai murya kamar tsohon inji, shi kuma cewa yake ƴan wasan yanzu ko iska ta taɓa su sai su kwanta suna birgima kamar jaki a toka. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne arbit na biyun nan da aka ƙirƙiro, mai zama a ɗaki yana duba hoto. A ci bi, balo ta shiga raga, ka yi hamdala a zuciyarka, bayan minti uku a ce ba a ci ba. To ina ake mayar da hamdala? Sau da yawa Kaporal zai faɗi wata magana ta kuskure a can, ni kuma a nan in buɗe baki zan gyara masa, sai in tuna ko ni wane ne in koma tasbihi.

Da korona ta zo, aka tsayar da wasanni, aka rufe gidan kallo. Katanga ta yi shiru. Ga babu jam'i, ga babu ɗalibai, ga damina ta yi jinkiri mun gyara gonaki muna ta kallon gabas. Na kasa zama wuri ɗaya. In shiga gida, in fito zaure, in zaga bayan gari in dawo. Maiɗakina ta ce tunda yawon ya zama dole, in riƙa tafiya da awaki ko sa amfana.

A wannan lokaci mutumin da ya fi kowa shan wahala a garin shi ne Laminu, majo, wato babban ma'aikacin gidan likitarmu. Taubashina ne, ɗan kawuna, tare muka fara allo kafin a ɗauke shi a kai lakwal, makarantar boko. Shi ya ajiye bokiti mai famfo a ƙofar masallaci da aka buɗe, shi ke yawo da takunkumi cikin zafin bazara yana roƙon mutane su ba da tazara. Ina tsokanarsa in ce amalen wa ya kwance wa takunkumi, shi kuma ya ce in bari ya duba ni, don duk wanda ya shekara arba'in yana lasar tawada cikinsa ba zai rasa abin mamaki ba. Haka muke tun muna yara, ba wanda ya taɓa riƙe wani.

Kwana kaɗan bayan sanarwar Hajji, wata Asabar, ina zaune ina kallon jakar da na ɗinka, sai na ji Sanusi yana jan bencunansa. An ba shi izinin buɗewa da mutane kaɗan, an dawo wasa a Turai. Na matsa jikin katanga. Sai ga ƙugin nan, cikakke, har da waƙar da magoya bayan masu ja ke yi a filinsu, wadda na sani kamar yadda na san muryar ladaninmu. Da farko daɗi na ji har idona ya kawo ruwa. Ba a yi minti biyar ba daɗin ya koma wuta. An hana mu ɗawafi an ce cuta, su kuma ga su can dubbai kafaɗa da kafaɗa suna waƙa?

Mai hankali zagayawa zai yi ya tambayi Sanusi, taku ashirin ne. Amma in na tambaya, zai ce ya aka yi na sani. Saboda haka na jawo tawada.

Na rubuta cewa ni da kunnena na ji filin balo na Turawa cike maƙil, cewa ashe cutar ba ta hana taro sai na ibada, kuma jama'a su yi hattara da masu takunkumi da allura da ke cikinmu, don abin da aka ba su suke faɗi. Ban ambaci sunan kowa ba, amma mai takunkumi da allura ɗaya ne tak a yankin. Na kwafe ta sau bakwai da hannuna mafi kyau. Kashegari ranar kasuwarmu ce, na raba shida ga fataken ƙauyuka, ta bakwai na miƙa wa Ardo Bello, wani dattijon makiyayi da ke zama a kwarin Tarka, na ce masa kan cutar nan ce, ya kai wa jama'arsa. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya yi jihadi.

Ranar Alhamis aka yi suna a gidan mai gari, jikarsa aka haifa. Ni na yi addu'a. Ana rabon goro da dabino sai na ga Laminu ya taso daga inda yake zaune nesa da mutane, ya tsaya a gabana, ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Ya fito da takarda daga aljihu.

"Hannunka ne wannan?"

Na ce hannuna ne, kuma ban janye ko wasali ɗaya ba.

Ya juya wajen mai gari ya yi bayani a hankali. Ya ce ƙauye biyu ya je da moto, babur ɗinsa, wannan makon don rigakafin ƙyanda na yara, wanda yake yi duk shekara tun kafin a san wata korona, duka biyun an mayar da shi. A na biyun ko ruwa ba a ba shi ba, takardar nan aka nuna masa daga nesa.

Mai gari ya dube ni ya ce, "Malam, da idonka ka ga mutanen?"

"Ranka ya daɗe, da kunnena na ji. Kuma kunnen nan bai taɓa yi mini ƙarya a kan wannan fili ba."

A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba. Bakin da ya shekara goma sha ɗaya a ɗaure ya kwance gaba ɗaya. Na bayyana wa dattawan gari bambancin ihun bi da ihun ɓarar da fenariti. Na gaya musu minti nawa aka yi kafin masu ja su ci a ranar Asabar, da yadda aka soke na biyu, na ƙara da ra'ayina kan arbit mai zama a ɗaki (har da maganar hamdala, Allah ya sani). Sai da na kai ƙarshe na lura liman ya tsaya da goro a hannu bai kai baki ba.

Sanusi ne ya fara magana daga baya. "Baba Malam, ashe kai namu ne. Wace ekip?"

Kafin in yi tunani na ce masu ja. Kaporal ya ce dama ya daɗe yana jin tsaki ta cikin katanga duk lokacin da aka ci su, ya zaci gara ce.

Sanusi ya durƙusa gaban mai gari ya ce shi ba zai yi gardama da malami ba, amma ana maimaita wasan Asabar ɗin da hantsin nan, in an yarda a je a gani. Haka muka tashi, mai gari a gaba, liman, dattawa wajen goma sha biyar, muka ratsa gari a jere kamar masu zuwa ɗaurin aure. Mata suna leƙowa ta kan danga. Ni kuwa tafe nake da ƙarfin zuciya, har ina jin tausayin Laminu.

Na shiga gidan kallo karo na farko a rayuwata. Ɗan ƙaramin wuri ne, ya fi zaurena ƙunci, ni da nake zaton fada ce. Sanusi ya kunna tele. Ƙugin ya cika ɗakin, sai ga waƙar. Na rufe idona (har yau ban san dalili ba, sabo ne ina ji), na ɗaga yatsa sama na ce, "To ku saurara. Wannan muryar mutum goma ce?"

Na buɗe ido. Ga ciyawa kore shar, ga mutane ashirin da biyu suna gudu, ga rigar ja da na daɗe ina so, ashe ma ba irin jan da nake zato ba ne. Sai hoton ya ɗaga sama. Kujeru ne jere bisa jere har inda ido ya tsaya, an lulluɓe wasu da manyan ƙyallaye, babu ko mutum ɗaya. Waƙar kuwa tana ta tashi.

Sanusi ya ce, cikin ladabi da ya fi zagi ciwo, wai tsohon ihu ne aka ɗauka tun kafin cutar, wani ma'aikaci ke zaune da na'ura yana danna shi daidai da wasan, don kada masu kallo a gida su ji kaɗaici. Ya taɓa wani maɓalli, ƙugin ya ɗauke. Sai ƙarar bugun balo da muryar wani mutum ɗaya yana daka wa ƴan wasa tsawa, tana amsa kuwa a cikin kangon fili.

Yatsana yana sama har lokacin. Na rasa yadda zan sauke shi, sai na sosa rawani da shi.

Kaporal ya ce shi dama ya faɗa, balon zamani har ƴan kallonta na roba ne. Aka yi dariya, mai gari ma ya rufe baki da hannun riga. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Da na waiwaya, Laminu ya riga ya fita.

Kwana uku ban iya zuwa wurinsa ba, ban kuma iya zama ba. Ran na huɗu na same shi a gidan likita yana wanke hannu. Na fara jero ban haƙuri, ya katse ni ya tambaya guda nawa na rubuta. Na ce bakwai. Ya ce ɗaya tana hannunsa, in kawo masa shida, sannan mu yi maganar yafiya. Na ce wannan mai sauƙi ne, zan rubuta wata in aika a ce kowa ya yaga ta farko.

"Me ka sa a samanta?"

Na ce bisimilla da salati, kamar kowace takarda.

"To wa ka sani a ƙasar nan da zai yaga bisimilla?"

Gaskiyarsa. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yaga ta, ba a jefar da ita, adana ta ake yi a wuri mai tsarki. Na ɗauki ƙaryata na sa mata rigar da ba mai iya taɓawa.

Haka na shafe daminar nan a bayan moton Laminu, da shekaruna da rawanina, da takunkumi a baki. Ruwa ya sauka, kowa yana noma, ni ina bin ƙauyuka. Wata takardar a cikin gafakar Alƙur'ani muka same ta, wata an soke ta a rufin masallaci. A kowane gari sai na tsaya gaban jama'a na faɗi cewa ni na rubuta kuma kuskure ne, in bayyana yadda ake ihu ba mutane, sannan in amsa tambayar da ba ta taɓa fashi ba, wato ya aka yi malami ya san muryar filin balo. A wani ƙauye samari suka tare ni bayan taro suna son jin ra'ayina kan canjin ƴan wasa biyar da aka kawo. (Na faɗa musu. Ya yi yawa.) A wani kuma ba a yi dariya ba. Wata mata ta fito da ƴarta goye, ta ce ƙyanda ta kwantar da ita kwana tara bayan an mayar da majo. Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi.

Saura ta Ardo Bello. Shi kuwa ruwa na sauka ya yi arewa da shanunsa, inda ba waya ba hanya. Na ce wa Laminu ai shida cikin bakwai an yi ƙoƙari. Ya ce bakwai na rubuta. Wata huɗu muna haɗuwa a masallaci, in gaishe shi ya ce lafiya lau, ya wuce. Ban taɓa sanin zagin taubashi abinci ba ne sai da aka hana ni. Duk makiyayin da ya shigo kasuwa sai na tare shi da tambayar Ardo, har aka fara cewa ko shanu na ba shi kiwo.

Sai bayan an gama girbin hatsi labari ya zo cewa sun sauka a kwarin Tarka. Muka tafi da sassafe. Ardo ya tarbe mu da ƙwaryar nono, na gaya masa abin da ya kawo mu. Sai ya kira wata farar saniya mai manyan ƙaho. A wuyanta ga laya sabuwa, an ɗinke da jar fata.

Ashe bai taɓa ba kowa ya karanta ba. Na ce masa kan cutar ce, ya ga bisimilla da hannun malami, sai ya kai wa baduku. Kuma ya ce ba zai bayar ba, don tun da ya rataya ta ko tari ba a yi a rugarsa ba, saniyar ma ta haihu lafiya.

Na dubi Laminu ina fatan zai ce a bar ta, tunda ba ta cuci kowa ba. Ya zaro ƴar wuƙa daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in karanta wa Ardo abin da ke ciki, sai ya zaɓa da kansa.

Na farke ɗinkin. Na tsaya a tsakiyar garke, saniya tana hura mini numfashi a kafaɗa, na karanta takardar tun daga farko har ƙarshe da muryata, har wurin masu takunkumi da allura, mai takunkumi da allurar yana tsaye a gefena. Ardo ya saurara da kyau. Da na gama ya ce ya gane batun Hajji, ya gane batun allura, abu ɗaya ne bai gane ba.

"Malam, shi balon nan mene ne?"

Laminu ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ardo ya ce in tafi da takardata, amma fatar tasa ce. Kafin azahar an yi wa yaran rugar rigakafi, ni ke riƙe akwatin sanyi.

Da la'asar, a bayan gidan likita, muka haɗa bakwai ɗin muka ƙone su a cikin kasko, na haƙa rami mai tsabta na binne tokar. Laminu ya tsaya har na mayar da ƙasa. Sannan ya ce, "Na yafe, duniya da lahira. Amma ka sani, duk sunan da aka yi a garin nan sai na ba da labarin saniyar."

Ya kuwa cika alkawari, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Yanzu idan mutum ya zo in rubuta masa takarda kan abin da ya ji, nakan ajiye alƙalami in tambaye shi ko ya leƙa. Bisimilla kuwa a baki nake fara yin ta. Ba ta hawa takarda sai na tabbata abin da zai biyo bayanta zan iya karanta shi a tsaye, a gaban saniya da mai ita.